Ɗana yana son zari-ruga, babansa ya ce ba da yawunsa ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Shekararmu huɗu a Coventry, a Ingila. Ɗana ɗan shekara 7 ne, yana aji 3 a firamare, kuma ya hana ni sakat da maganar ƙwallon zari-ruga, saboda abokinsa na aji yana zuwa wani kulob a bayan unguwarmu kowace Lahadi. Babansa ya ce ba da yawunsa ba, wai wasan karya wuya ne, kuma ya ji labarin tsofaffin 'yan wasa da suka kamu da ciwon mantuwa. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne yaron ba shi da abokai, daga makaranta sai waya. Ga Islamiyya da yake zuwa ranar Lahadi da hantsi, ga shi an ce mini akwai mashaya a cikin kulob ɗin. Ta ina zan fara, kuma me zan ce wa babansa?

Wata uwa, daga Coventry

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Kada ki ce wa maigida komai tukuna. Ki roƙe shi ya ba ki safiyar Lahadi ɗaya, ku ɗauki yaron ku je filin ku tsaya a gefe, ko takalmi kada ku saya. Gani ya kori ji. Ni ma da ƙafata na je da niyyar in samo dalilin da zan hana babban ɗana, lokacin yana shekarun naki, yau ga shi na shafe damuna da sanyi masu yawa ina ɗaukar wa yaran kulob ɗinmu robobin ruwa da jakar ƙwallaye.

Abin da za ku gani ba shi ne abin da babansa yake gani a talabijin ba. Hukumar zari-ruga ta Ingila, RFU, wadda aka kafa tun 1871, ta raba yara ne bisa shekarunsu a daren 31 ga Agusta, wato daidai da yadda makaranta take raba azuzuwa. Ɗan aji 3 yana rukunin 'yan ƙasa da shekara 8, kuma a wannan rukunin babu kayarwa sam. Ana ɗaura wa kowane yaro ɗamara a ƙugu mai ƙyallaye biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan yana gudu da ƙwallo aka fizge masa ƙyalle ɗaya, shi ke nan an kama shi, dole ya miƙa ƙwallon ga ɗan uwansa cikin taku uku, wanda ya fizge kuma ya mayar masa da ƙyallensa hannu da hannu kafin ya ci gaba. Yara shida ne a kowane ɓangare, a ɗan fili mai tsawon mita 45, da ƙaramar ƙwallo mai lamba 3, minti goma a juya. Wanda ya yi langa a ƙofar gida ya sha ture-ture fiye da wannan.

Ka'ida ɗaya ce take rikita sabon zuwa: ba a jefa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe, amma kai da kake riƙe da ita gaba za ka nufa, har ka dangwarar da ita a bayan layin abokan karawa. Yara kan ɗauke ta cikin mako biyu ko uku. Iyaye ne ke daɗewa.

Sauran abubuwan a hankali ake shigo da su, shekara bayan shekara. A 'yan ƙasa da 9 ake fara koyar da kayarwa, yara bakwai-bakwai. A 'yan ƙasa da 10 ake fara wannan cuɗuwar da 'yan wasa ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu, wadda ake kira sikiram, amma yara uku kacal daga kowane ɓangare kuma ba turawa. A 'yan ƙasa da 11 ne yaro zai fara dukan ƙwallo da ƙafa a cikin wasa. Mutum goma sha biyar a kowane ɓangare kamar na manya kuwa, sai ya kai 'yan ƙasa da 14. Ke nan ɗanki yana da kaka guda cif, daga Satumba zuwa farkon Mayu, da zai yi ta gudu da ƙyallaye, ku kuma kuna da kaka guda cif ta kallon mutanen da za ku ba amanar kansa. Shawarar da take da nauyi ba ta bana ba ce, ta baɗi ce.

Yanzu maganar babansa, domin ba zan yarda a mayar da shi mai tsoron banza ba. Abin da ya ji gaskiya ne. A ƙarshen 2020 Steve Thompson, wanda ya ci Kofin Duniya da Ingila a 2003, ya fito ya ce an gano yana da ciwon mantuwa tun yana ɗan shekara 42, har ba ya tuna wasannin da ya ci kofin da su. Shi da wasu tsofaffin 'yan wasa suka kai hukumomin wasan ƙara. Tun kafin nan, a 2016, likitoci da masana fiye da 70 sun rubuta wa gwamnati suna neman a hana kayarwa a zari-rugar makarantu. Duk wanda ya ce miki babu haɗari, ki daina sauraronsa. Sai dai waɗannan tsofaffin 'yan wasan galibinsu ƙwararru ne, ƙatti, da suka shafe shekaru suna karo da juna kusan kullum, a zamanin da idan kanka ya bugu ake watsa maka ruwa a ce koma. Abin da ya kamata maigida ya bincika shi ne ko wannan ɗabi'ar ta mutu a kulob ɗin da ke bayan unguwarku, ko tana nan da ranta.

Bari in ba ki labarin da har yanzu nake jin nauyinsa. Ɗana yana 'yan ƙasa da 10, muka je wasa wani gari da safiyar Lahadi. Ya je kayar da wani yaro, ya sa kansa a gaban gwiwa maimakon bayan cinya, gwiwar ta same shi a gefen goshi. Ya faɗi, ya tashi, ya ɗan yi tangaɗi taku biyu, sannan ya miƙe garau. Kocinsu, wani mai gyaran famfo da ke ba da lokacinsa kyauta, ya shiga fili ya riƙo hannunsa ya fito da shi. Yaron yana kuka yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ni da na haife shi na matsa kusa na ce wa kocin ya bar shi ya koma, ai namiji ne, a gida mun ga abin da ya fi wannan. Mutumin ya dube ni ya ce, yau ya gama, kuma ba zai sake buga wasa ba sai bayan mako uku. Na koma mota raina a ɓace. Da la'asar yaron ya fara ciwon kai, hasken fitila yana damunsa, ya kasa cin abinci. Na kira 111, lambar neman shawarar ma'aikatan lafiya, suka yi mini tambayoyi suka gaya mini abin da zan lura da shi cikin dare. Ya warke sarai, alhamdulillahi. Amma da kocin nan ya biye mini, da na mayar da ɗana fili da ƙwaƙwalwar da ta girgiza, kuma bugu na biyu a kan na farko shi ne abin da likitoci suka fi tsoro. Ranar na gane cewa haɗarin da ya fi kusa da ɗana shi ne jarumtar da ni ubansa na taso da ita.

Saboda haka idan kun je, ku nemi kocin ku tambaye shi kai tsaye: idan kan yaro ya bugu, me kuke yi? Amsar da ta dace ita ce, ko shakka kawai aka yi, ana fitar da shi kuma ba ya komawa ranar. Wannan ita ce ƙa'idar da gwamnatin Birtaniya ta fitar wa ƙananan kulob-kulob a Afrilun 2023, kuma a ƙarƙashinta yaro ba ya komawa gasa kafin kwana 21. Ba sai ya suma ba. Jiri, tangaɗi, ruɗewa, ciwon kai ko tashin zuciya sun isa. A kira 111 cikin awa 24, kada a bar shi shi kaɗai a daren farko, a rage masa waya da talabijin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa yana ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa, ko wuyansa yana ciwo, ko ya yi farfaɗiya, to wannan asibiti ne nan take. RFU tana da ɗan kwas na kyauta a intanet mai suna HEADCASE a kan bugun kai, har da na iyaye. Ki zaunar da maigida ku yi shi tare, zai fi kowace lallaɓa tasiri.

Ku tambaye shi kuma ko suna yin motsa jikin da ake kira Activate kafin atisaye. Masu bincike a Jami'ar Bath sun gwada shi a kan 'yan makaranta masu shekara 14 zuwa 18, suka wallafa a 2017 cewa ƙungiyoyin da suka riƙa yin sa sau uku a mako sun sami raguwar raunuka da kashi 72 cikin 100, girgizar ƙwaƙwalwa kuma da kashi 59. Ba wani abin kuɗi ba ne, tsayuwa ce da ƙafa ɗaya, da koyon dira, da ƙarfafa wuya. Sannan ku matsa ku kalli rukunin 'yan ƙasa da 9 da ke gefe, inda ɗanku zai shiga baɗi. Tun daga Yulin 2023 doka ta hana kama mai ƙwallo a sama da ƙahon zuci. Koci nagari yakan fara da yara a durƙushe, yana koya musu yadda ake faɗuwa kafin yadda ake kayarwa, kunci a jikin ƙugun abokin karawa, kai a gefe ko a baya, hannuwa a naɗe da cinyoyi. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon ɗan kokawa yana koya wa yaro faɗuwa zai gane abin da nake nufi. Idan kuka ga ana jera yara ana sa su ruga su gwabza da juna, manya suna tafi, ku juya. Coventry gari ne na zari-ruga, kuma garin Rugby kansa, inda wasan ya samo sunansa daga makarantar da ake ba da labarin wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya ɗauki ƙwallo ya ruga da ita a 1823, bai kai tafiyar rabin awa daga gidanku ba. Kulob ba ya yanke muku a wannan yankin.

Akwai abu biyu da ba na jin kunyar tambaya, ke ma kada ki ji. Kowane koci mai aiki da yara dole a yi masa binciken DBS, wanda ke duba ko yana da tarihin da zai hana a ba shi yara, kuma kowane kulob mai yara yana da jami'in kare su. Ki nemi a nuna miki shi ki karɓi lambarsa. Na biyu, akwai dokar rabin wasa: duk yaron da aka zo da shi ranar wasa dole ya buga aƙalla rabin lokacin. Wannan dokar ce ta riƙe ƙaramin ɗana, wanda ba shi da gudu kuma ba shi da jiki, har ya sami wurinsa.

Kaya ba su da yawa. Takalmin ƙwallon ƙafa mai ƙusoshin roba ya wadatar, in dai ba su da kaifi. Robar kare haƙora, wadda ake tsomawa a ruwan zafi yaro ya cije ta ta ɗauki siffar bakinsa, ki saba masa da ita tun yanzu, kuma ki sani a wannan shekarun haƙora suna famfara, za ki sake saya kafin kaka ta ƙare. Hular soson nan da ake sa wa yara tana kare kunne da ƙujewa ne kawai, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, kada ta yaudare ki. Abin da zai sa ɗanki ya tsani wasan shi ne sanyin Janairu, don haka riga mai kama jiki a ciki, da dogon wando mai kama jiki wanda doka ta yarda da shi, da babbar leda ta zuba kaya masu taɓo, da shayi mai zafi a mota. Yawancin kulob-kulob sukan bar yaro ya gwada sau biyu ko uku kafin a yi masa rajista a biya kuɗin shekara, kuma da wuya ki rasa akwatin takalman da suka yi wa wasu yara kaɗan. Ki tambaya. Su da kansu haka suke yi.

Mashaya tana nan, ba zan ɓoye miki ba. Kusan kowane kulob yana da ita, kuma da cinikinta ake biyan kuɗin wuta da gyaran fili. Da safiyar Lahadi abin da aka fi sha shayi ne da kofi, amma abin da ake soyawa a tagar kicin galibi naman alade ne, kuma bayan wasa akan ba yara burodi da tsiran nama. Ni tun makon farko na je wurin matar da ke kula da kicin na gaya mata abin da 'ya'yana ba sa ci. Mako na gaba ta ajiye musu nasu daban. Daga baya uwargida ta fara kai tukunyar dafa-duka ranar da ake taron wasanni, yanzu idan ba ta kai ba sai an aiko tambaya. Liyafar dare ba ma zuwa, kuma ba wanda ya taɓa yi mana ƙorafi. Idan yaron ya tambaye ki ko Musulmi yana wannan wasan, ki nuna masa Sonny Bill Williams, wanda ya ci Kofin Duniya da Niyu Zilan a 2011 da 2015. Idan ya tambaya ko ɗan Najeriya yana yi, ga Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, aka haife shi a Landan a 1994, bai fara wasan ba sai yana ɗan shekara 11, kuma a 2025 ya zama kyaftin ɗin Ingila.

Islamiyya kuwa ba abin sadaukarwa ba ce, kuma ba zan ba ki shawarar ki taɓa ta ba. Atisayen ƙananan yara yawanci da misalin ƙarfe 10 na safiyar Lahadi ake fara shi, don haka karon gaske ne. Ki je wurin malaminsu da kanki ki ji ko akwai ajin Asabar ko na yamma, mu haka muka yi. Idan babu, ki bincika sauran kulob-kulob na kusa ko akwai mai fara nasa da wuri. Idan duk ya faskara, karatu ne gaba, ƙwallo ta jira.

Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki riƙa sauke shi a bakin ƙofa ki wuce. A wannan shekarun ma kulob yakan so uba ko uwa su tsaya. Ki tsaya cikin sanyin nan, ki gaisa da matan da ke gefenki, ki karɓi aikin yanka lemo idan an ba ki. Ranar da na fara jin ɗana, wanda ke gardama da ni a kan komai, ya ce wa alƙalin wasa ranka ya daɗe da harshensu ya ja da baya mita bakwai ba musu, sannan bayan wasa suka yi layi biyu suna tafa wa waɗanda suka doke su, ranar na daina neman dalilin hana shi. Ina kyautata zaton babansa ma abin da zai gani ke nan.

TAMBAYA

Malam, 'yata tana da shekara 10, muna Bradford. An kawo musu zari-ruga makaranta, ta dawo tana cewa sai an sa ta a kulob. Ina jin nauyin ta yi wasa da maza, ga maganar sutura. Sannan maƙwabcina ya ce wasan iri biyu ne. Ina mafita?

Wani uba, daga Bradford

AMSA

Alhaji, maƙwabcinka ya yi gaskiya. A 1895 kulob-kulob na arewacin Ingila suka taru a Huddersfield, nan kusa da kai, suka ɓalle daga RFU a kan maganar biyan ma'aikata diyyar lokacin aikin da suke rasawa idan sun je wasa. Daga nan aka sami zari-rugar lig mai 'yan wasa 13, ita ce ta ƙungiyoyi irin su Bradford Bulls da Leeds Rhinos, kuma tana da tata hukumar da nata dokokin yara. Wadda na yi wa Hajiya bayani a sama ita ce ta yuniyon mai 'yan wasa 15. A yankinka duk biyun suna nan, saboda haka ka fara tambayar malamin makarantar wacce aka koya musu.

A ta yuniyon, maza da mata suna wasa tare har zuwa 'yan ƙasa da 11, wato aji 6. Daga 'yan ƙasa da 12 ake raba su, mata su koma tasu ƙungiyar. 'Yarka tana bakin wannan gaɓar. Idan zuciyarka ba ta kwanta da cuɗanyar ba, ka nemi kulob mai sashen 'yan mata, ba kowanne ke da shi ba, ka tambaya ko suna da atisayen mata zalla da za ta fara zuwa kafin shekarunta su cika. Irin waɗannan sassan suna ƙaruwa, musamman tunda matan Ingila suka doke Kanada da 33 da 13 a filin Twickenham da ke Landan a Satumban 2025 suka ɗauki Kofin Duniya a gaban mutane fiye da dubu 80.

Sutura ba za ta hana ta ba. Dokar wasan ta yarda da ɗankwali da dogon wando da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin ta ƙungiya. Ka saya mata hijabin wasanni wanda ake zurawa, mai kama kai, marar allura ko fil, domin alƙalin wasa ba zai bar ƙarfe ya shiga fili ba. Ka nemo mata hotunan Zainab Alema, 'yar Landan da iyayenta suka fito daga Gana, uwa da ta yi aikin jinyar jarirai, wadda take buga wasan da hijabinta har ta kai ga ƙungiyar Leicester Tigers. Tunda 'yarka za ta shiga ne a shekarun da ake kayarwa, ka gaya wa kocin tun ranar farko cewa sabuwa ce, a ba ta makonni tana koyon faɗuwa da kamu kafin a sa ta a wasa. Robar haƙora kuma ta shiga bakinta tun daga atisayen farko.